Godiya ga waɗanda suka tsaya mini da kwamfutar shago ta ƙi tashi

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, kwamfutar shagonmu na Tudun Wada ta tashi, tun jiya bayan La'asar muka koma buga takardu. Kwana uku na yi barci rabi da rabi, don haka bai kamata in yi shiru ba.

Ranar Litinin da safe na danna maɓalli, shiru kake ji. Fanka ba ta juya ba, ɗan hasken nan na gaba ma bai kawo ba. A cikinta kuwa akwai firojet ɗin ɗalibai bakwai, ko ɗaya ban kwafe a filasha ba. Wannan sakacina ne, ba na kowa ba.

Na gode wa duk waɗanda suka kira ko suka turo shawara ta WhatsApp. Na canza soket, na cire waya na danne maɓallin na daƙiƙa 30, duk na yi. Maƙwabcina tela har wayar butarsa ta lantarki ya ciro mini mu gwada, tunda bakinsu iri ɗaya ne, ranar bai sha shayi ba sai azahar. Allah ya saka, maigida. Wanda kuma ya rantse mini ta waya cewa madabod, wato babban faifan da kayan cikin kwamfuta ke haɗuwa a kansa, ita ce ta ƙone, in je in sayi sabuwa, shi ma na gode, amma da na bi tasa da yanzu ina cizon yatsa.

Babbar godiyata ga wani matashi mai gyara da ƙanena ya ɗauko mini daga wajen Ahmadu Bello Way. Ya hana ni faɗin sunansa. Abin da ya burge ni, bai yanke hukunci ba sai da ya bi abin daki-daki. Ya fara da fis ɗin kan filogi, mai amfiya 13, ya same shi lafiya. Ya buɗe akwatin, ƙurar hunturun bara ta yi dam a jikin fanka kamar auduga, na ji kunya. Ya sa bakin sukundireba ya haɗa 'yan ƙusoshi biyun da maɓallin kunnawa ke shiga, ko maɓallin ne ya mutu. Shiru. Sai ya kashe wuta, ya zare babbar wayar nan mai rami 24, ya ɗauki kilif ɗin takarda a kan teburina ya lanƙwasa, ya haɗa koriyar waya da baƙa, ya sake kunnawa. Fankar fawa fak, wato ɗan akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, ko motsi.

Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Fawa fak ne, da wuya abin ya taɓa hadis ɗin kwamfutar, inda ayyukanka ke ajiye."

Na ce, "Injiniya, to mu buɗe shi mu gyara mana."

Ya ce a'a, akwai kafasito a ciki masu riƙe wuta ko an cire filogi, ba abin wasa ba ne. Nan na tuna daren Lahadi an kawo wuta da ƙarfi har ƙwan shago ya mutu, ni kuma na tafi gida ban kashe soket ba.

Jiya ya dawo da wani fawa fak ɗin, ya ɗaura, ta yi ƙara ɗaya "ƙit", allo ya kawo. Wallahi sai da na yi hamdala da ƙarfi har tela ya leƙo. Ya ga kwanan wata ya rikice, ya canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032. Kuɗin aikinsa kaɗan ya karɓa, kuma bai tafi ba sai da ya ga na kwafe komai a filasha. Allah ya yi wa sana'arka albarka, ya jiƙan magabata.

Ɗalibai, na gode da haƙurinku, musamman baiwar Allahn da ta yi sawu biyu daga Rigasa. Aikinku yana nan, ko shafi ɗaya bai ɓace ba. Ku zo ku karɓa daga ƙarfe 9 na safe.