Gyaran safa

Yau da safe ƙanin abokina da ke buga ƙwallo a wata ƙaramar lig a gabashin Turai ya turo min bidiyo ta WhatsApp, wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Ya je bugun kwana kenan sai 'yan kallon bayan raga suka fara masa kukan biri, shi kuma yaron ya sunkuya yana ta gyara safa kamar bai ji ba, gyaran safar nan shi ya fi tsaya min a rai. Alƙalin wasa ko waiwayowa bai yi ba. Na ce to jaridun garin me suka rubuta? Ya ce Yaya sakamako ne kawai, 1-0, da sunan wanda ya ci.

Da aka yi wa Vinicius, ɗan wasan Real Madrid, haka a Valencia ta ƙasar Spain a 2023 duniya ta ɗauka, har kotu ta yanke wa mutum 3 ɗaurin wata 8. Shi namu ko kyamarar talabijin babu a filin, wani ne ya ɗauka da waya hannunsa na rawa. Ya roƙe ni kar in nuna wa Hajiyarsu, ita duk tunaninta tafi suke masa a can.