Asalin hoto ɗaya ne, sauran duk kwafi ne

Mafi yawan masu ɗaukar hoto don sha'awa suna ƙarar da tunaninsu ne a kan kyamara da gilashinta, da kuma manhajar da za ta ƙawata musu launi, amma kaɗan ne ke damuwa da abin da ke samun hoto tun daga lokacin da aka danna maɓalli har zuwa ranar da za a sake nemansa bayan wasu shekaru. A ganina a wannan tsakanin ne ake tafka asara mafi yawa, kuma asara ce da ba a jin ƙararta, domin ba kasafai hoto ke ɓacewa gaba ɗaya a rana guda ba. Raguwa yake yi sannu a hankali, yau an tura shi ta wata manhaja ta matse shi, gobe an gyara shi an adana a kan na farko, jibi an canza waya an kwaso abin da ya samu, har a wayi gari abin da ke hannun mutum kwafin kwafi ne wanda ba zai bugu a takarda mai girman kirki ba. Ƙa'idar da nake bi guda ɗaya ce, wato fayil ɗin da ya fito daga kyamara shi ne asali, ba a taɓa shi, kuma duk wani aiki a kan kwafinsa ake yi.

Sai mutum ya san abin da kyamara ke ba shi kafin ya gane dalilin wannan tsanani. Tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992 kuma har yau ya fi kowane tsari yaɗuwa, yana rage nauyin hoto ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na bayanansa wanda ido ba ya saurin lura da shi. Yana yanka hoton ƙananan murabba'ai masu fiksel 8 a tsaye da 8 a kwance (fiksel shi ne ɗan ɗigon da tarinsa ke haɗa hoto), ya taƙaita abin da ke cikin kowanne, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Idan aka buɗe irin wannan fayil aka gyara aka sake adana shi, sai a sake yin wannan yankan da zubarwar, shi ya sa hoton da ya sha wucewa ta hannaye da yawa za ka ga sararin samaniyarsa ya yi layi-layi, gefen haruffa da gefen fuska kuma sun yi dabbare-dabbare. Ban da haka, JPEG matakai 256 kawai yake riƙewa ga kowane launi daga duhu zuwa haske, alhali ɗanyen fayil da ake kira RAW, wato bayanan da kyamara ta ɗauka ba a sarrafa su ba, yana riƙe matakai 4,096 idan na bit 12 ne, ko 16,384 idan na bit 14 ne. Wannan bambanci ba ya fitowa a fuskar waya, sai ranar da kake son farfaɗo da fuskar da ta faɗa cikin inuwa. Kowane kamfani da irin nasa ɗanyen fayil, Canon na da CR2 da CR3, Nikon na da NEF, Sony na da ARW, Fujifilm na da RAF, kuma saboda wannan rarrabuwa ne kamfanin Adobe ya fito da DNG a 2004 don a samu tsari ɗaya da kowa zai iya buɗewa. Ba na cewa dole kowa ya ɗauki RAW, domin ya fi JPEG nauyi sau biyu ko uku, kuma sai an sarrafa shi kafin a nuna wa kowa. Wanda ya zaɓi JPEG bai yi laifi ba, sai dai buƙatarsa ta kiyaye asali ta fi ta mai RAW, tunda shi ba shi da rarar da zai yi asararta.

Akwai kuma abin da ke ɓoye a cikin fayil ɗin wanda ba hoto ba ne. Tun 1995 aka fito da tsarin Exif a Japan, wanda da shi kyamara ke rubuta rana da lokacin ɗauka, da sunan kyamara da gilashin, da faɗin ƙofar haske, da tsawon lokacin da ta yi a buɗe, wani lokaci har da wurin da aka tsaya. Ga mai koyo wannan rubutu malami ne, domin idan hoto ya fito da girgiza, yana duba bayanan zai ga cewa ƙofar ta daɗe a buɗe fiye da abin da hannu zai iya riƙewa. Ga mai tsara hotuna kuwa shi ne abin dogaro wajen jera su bisa lokaci. Saboda haka ya kamata a riƙa duba agogon kyamara, musamman bayan canza batir ko tafiya ƙasar da lokacinta ya bambanta. Idan an riga an yi ɗaukar da agogon da bai daidaita ba, manhajar ExifTool da Phil Harvey ya fitar a 2003 tana iya matsar da lokacin ɗaruruwan hotuna gaba ko baya da umarni guda.

Wurin da asali ya fi lalacewa shi ne wajen turawa. Idan aka aika hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar tana rage girmansa ta kuma goge bayanan Exif, kuma ko zaɓin HD da suka ƙara a 2023 bai hana matsewa ba, ya dai rage ta. Wanda yake son fayil ya isa yadda yake, sai ya tura shi a matsayin takarda, wato zaɓin Document, ko ya yi amfani da kebul, ko ya ɗora shi a ma'ajiyar intanet ya ba da mahaɗi. Facebook da Instagram su ma suna sake matse duk abin da aka ɗora musu, don haka wuraren baje koli ne, ba wuraren ajiya ba. Masu iPhone kuma su tuna cewa tun 2017 wayar ke adana hotuna a tsarin HEIC, wanda wasu tsofaffin kwamfutoci ba sa buɗewa sai an ƙara musu wani abu, kuma mai yiwuwa ne wayar ta juya su zuwa JPEG a lokacin turawa ba tare da mai ita ya lura ba.

Daga katin memori zuwa kwamfuta, na fi son cire katin in sa shi a na'urar karanta kati maimakon haɗa kyamarar da kebul, saboda ya fi sauri kuma ba ya dogara da batirin da zai iya mutuwa ana tsakiyar aiki. Kwafa ake yi, ba yankewa ba. Wanda ya yanke ya manna, idan wuta ta ɗauke ko kebul ya motsa, zai iya samun kansa da rabin hotuna a nan, rabi a can, ga kuma wasu da suka lalace a tsakiya. Bayan an kwafa, a kwatanta yawan fayiloli da nauyinsu a ɓangarorin biyu, a buɗe wasu daga farko da tsakiya da ƙarshe a gani da ido. Sai an tabbatar hotunan suna wuri biyu dabam-dabam sannan a yi wa katin fomatin, kuma a cikin kyamarar za a yi shi ba a kwamfuta ba, domin kyamara ce ta san tsarin foldar da take buƙata. Idan kuwa tsautsayi ya sa an goge kati kafin a kwashe, abu na farko shi ne a daina ɗaukar hoto da shi nan take, tunda gogewa ba ta share bayanan sai an rubuta sabo a kansu, kuma manhaja irin PhotoRec takan iya ceto da yawa daga cikinsu.

Maganar suna ƙarama ce a ido, amma ita ce ke jawo wani irin ɓarna da ba a ganewa da wuri. Kyamarori suna bin ƙa'idar sanya lamba mai gurbi huɗu, kamar IMG_0001 ko DSC_0001, kuma da zarar sun kai 9999 sai su koma farko. Mai kyamara biyu, ko wanda ya daɗe yana ɗauka, zai tara hotuna mabambanta masu suna ɗaya, kuma ranar da ya zuba su a folda guda kwamfuta za ta tambaye shi ko ta maye gurbin tsohon, shi kuma cikin gaggawa ya amsa da e. Maganin shi ne a sauya suna tun a lokacin kwashewa, a fara da shekara, sannan wata, sannan rana, kamar 2024-03-09, a biyo da kalma ɗaya ko biyu da ke bayyana abin da aka ɗauka, sannan lambar asali. Wannan jeri yana sa kwamfuta ta tsara komai bisa lokaci da kanta, kuma yana aiki a kowace na'ura ko da manhajar da kake amfani da ita yau ta daina wanzuwa.

Kiyaye asali ba ya nufin ajiye duk abin da aka ɗauka. Kyamarar zamani tana iya harba hoto goma ko fiye a daƙiƙa ɗaya, kuma wanda bai iya tankaɗe da rairaya ba zai nutse cikin hotuna masu kama da juna har ya rasa na kirkin. Nakan yi zagaye na farko cikin sauri ina cire wanda ya girgiza da wanda ido ya rufe, sannan in bar su su kwana biyu kafin zagaye na biyu, saboda a ranar ɗauka mutum yana kallon wahalar da ya sha ne, ba hoton ba. A zagaye na biyu nake faɗaɗa hoton zuwa cikakken girmansa in duba ƙwayar ido, domin a ƙaramar fuskar waya ko ta kyamara kowane hoto kaifi gare shi.

Game da ajiya, akwai ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa, wadda aka fi sani da 3-2-1, ma'ana kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam da inda kake zaune. Dalilinta a fili yake, domin faifan ajiya na waje da ke kusa da kwamfuta zai cece ka idan kwamfutar ta lalace, amma gobara ko ɓarawo duka biyun za su tafi da su. Abin da mutane suka fi ruɗewa a kai shi ne ɗaukar daidaita waya da ma'ajiyar intanet a matsayin ajiya. Daidaitawa madubi ce, abin da ka goge a nan zai goge a can, kuma a iCloud, ma'ajiyar masu iPhone, alal misali, kwana 30 kawai hoton da aka goge yake yi a kwandon shara kafin ya tafi. Sannan sharuɗɗan waɗannan ma'ajiyoyi suna canzawa. Shafin ajiye hotuna na Flickr ya taƙaita asusun kyauta zuwa hoto 1,000 a 2019, Google Photos kuma ya daina ba da ajiya marar iyaka kyauta daga 1 ga Yuni 2021, inda sababbin hotuna suka fara cin gigabait 15 ɗin da ake rabawa da Gmail da Drive. Kamfanonin suna da haƙƙin yin haka, amma kayan aro ba ya rufe katara, don haka ma'ajiyar intanet ta zama ɗaya daga cikin ukun, kada ta zama ita kaɗai.

Gyara shi ne ɓangaren da ya fi daɗi, kuma a nan ma ƙa'idar ba ta canza ba. Manhajoji irin Lightroom, wadda ta fito a 2007, da darktable da RawTherapee waɗanda kyauta ne, ba sa taɓa fayil ɗin asali. Suna rubuta jerin umarni ne a gefe, ko dai a kundin manhajar ko a wani ɗan ƙaramin fayil da ke kwana kusa da hoton, cewa a ƙara haske kaza, a datse gefe kaza, kuma ana iya janye kowane umarni ko bayan shekaru. Wannan yana nufin dole a haɗa kundin da waɗannan ƙananan fayiloli cikin abin da ake ajiyewa, in ba haka ba hotunan za su tsira amma aikin da aka yi musu ya tafi. Wanda yake aiki da Photoshop ko GIMP kuwa, ya adana aikinsa a tsarin da ba ya zubar da komai, kamar TIFF ko tsarin manhajar kanta, sai a ƙarshe ya fitar da JPEG sau ɗaya.

A ɗauki hoton mutum da ke tsaye a gaban taga, haske na shigowa ta bayansa, fuskarsa ta yi duhu. Mai gaggawa zai ja ma'aunin haske gaba ɗaya, fuskar ta fito amma tagar ta ƙone ta zama fari fat. Abin da ya fi shi ne a fara gyara launin hasken har farar rigar ta zama fara ba mai ratsin shuɗi ba, sannan a ɗaga inuwa ita kaɗai, a sauke wuraren da suka fi haske, ana kallon jadawalin haske, wato zanen da ke nuna yadda hasken hoton ya rarrabu daga duhu a hagu zuwa fari a dama, don a ga ko wani ɓangare ya manne a bangon dama, alamar cewa bayanan wurin sun ƙare. Da an ɗaga inuwar za a ga wani yashi-yashi ya bayyana a kumatu da wuya, sai a rage shi kaɗan, kaɗan ɗin nan da gaske, domin idan aka wuce gona da iri fata takan koma kamar roba. Ƙarfin launi da ƙara kaifi su ne na ƙarshe, kuma su ne aka fi yin zari a kansu. Ni dai idan na ga ganye ya fi ganyen gaske kore, ko wani farin zare ya zagaye gefen kai, na san hannu ya yi nauyi.

Wajen fitarwa, hoton da za a ɗora a intanet a fitar da shi a tsarin launi na sRGB, wanda HP da Microsoft suka samar a 1996, domin wanda aka bari a Adobe RGB yakan fito a dushe a na'urar da ba ta gane shi ba. Na bugawa a takarda kuwa a bar shi da cikakken girmansa, tunda hoto mai megafiksel 24, wato fiksel 6,000 a faɗi da 4,000 a tsaye, yana kaiwa inci 20 a faɗi idan aka buga shi da ɗigo 300 a kowane inci. Kwafin da za a ba jama'a a cire masa bayanin wurin ɗauka, musamman idan a gida aka ɗauke shi ko akwai yara a ciki, a bar cikakken bayanin a jikin asali. Waɗannan kwafin da aka fitar a ba su folda tasu dabam, kuma ba sai an damu da ajiye su wuri uku ba, domin muddin asali da umarnin gyaransa suna nan, ana iya sake fitar da su a kowane girma cikin 'yan daƙiƙoƙi.