Neman dajin farautar barewa bayan ka koma sabuwar jiha a Amurka

Wanda ya saba da farautar gida, inda ake fita rundu guda da karnuka da gora a shiga daji har yamma, zai sha mamaki a Amurka. Nan babu dajin da ba shi da mai shi. Ko dai na wani manomi ne, ko na kamfanin katako, ko na jiha, ko na gwamnatin tarayya, kuma kowanne da ƙa'idar shigarsa. Abin da ya fi ruɗa baƙo shi ne dokar farauta ta jiha ce, ba ta ƙasa baki ɗaya ba. Kowane allazi da nasa amanu. Lasisin da ka saya a Ohayo ba ya aiki a Pensilbaniya, ko da kana hango iyakar daga tagar ɗakinka.

Saboda haka aikin farko na takarda ne. Kowace jiha tana da hukumar kula da namun daji. A Minesota da Wiskonsin da Mishigan ana kiranta DNR, a Pensilbaniya kuwa Game Commission. Duk shekara suna fitar da ɗan littafin dokoki kyauta, ana samunsa a intanet da shagunan kayan farauta. Ka nemi na bana, don ranakun buɗe farauta da iyakokin yankuna suna canzawa.

Sai batun zama ɗan jiha. Sauke kaya a gari bai mai da kai ɗan jiha ba a idon hukumar. Pensilbaniya tana son ka yi kwana 30, Minesota kwana 60, Teksas da Ohayo wata shida. Bambancin kuɗin ba ƙarami ba ne: a Teksas lasisin ɗan jiha dala 25 ne, na baƙo dala 315. Kuskuren da sababbin zuwa suka fi yi shi ne su sayi lasisin ɗan jiha a sabuwar jihar alhali lasisin tuƙinsu na tsohuwar ne, ko su riƙe matsayin ɗan jiha a wuri biyu. Laifi ne, kuma jihohin suna da yarjejeniya a tsakaninsu, wanda aka dakatar a jiha ɗaya zai tarar an rufe masa ƙofa a sauran. Ka fara canza lasisin tuƙi, ka ƙirga kwanakinka. Haka kuma akwai kwas ɗin koyon farauta lafiya. A Teksas wajibi ne ga wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971, a Wiskonsin daga 1 ga Janairu 1973. Takardar da ka samu a wata jiha tana aiki a sabuwar, kada ka jefar da ita.

Ga mu 'yan ci-rani akwai ƙarin magana guda mai nauyi. Mai katin zama na dindindin yana iya mallakar bindiga. Mai bizar karatu ko ta aiki ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai in yana da lasisin farauta mai aiki da wata jiha ta ba shi. Ranar da lasisin ya ƙare, kariyar ta ƙare. Wanda ba shi da takardun zama kuwa kada ma ya taɓa. Wasu jihohin suna ƙara nasu sharuɗɗan, in kana da shakka ka ga lauya kafin ka shiga shago.

Yanzu sai wurin. Mafi sauƙi shi ne filin gwamnati. Pensilbaniya tana da filayen farauta na jiha kimanin eka miliyan ɗaya da rabi, ban da dajin tarayya na Allegheny. Minesota tana da dazukan tarayya na Superior da Chippewa, ga ɗaruruwan filayen kula da namun daji da ake taƙaita sunansu WMA. A yammacin ƙasar hukumar kula da filayen tarayya da ake kira BLM tana riƙe da kusan eka miliyan 245. Amma can akwai wani tarko: fili na iya zama na gwamnati a kan taswira, alhali gonakin mutane sun kewaye shi ta ko'ina, ba hanyar shiga sai ka taka na wani. Teksas ita ce mai wahala, don kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙasarta na mutane ne. Yawancin mafarautan can hayar fili suke yi, su haɗa kuɗi su biya mai gona na shekara. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya sayi takardar shiga filayen jama'a ta dala 48, ko ya shiga ƙuri'ar raba izinin farauta da hukumar namun dajin jihar ke yi kowace shekara.

Akwai wani rukuni da baƙi ba su cika sani ba, wato gonakin mutane da jiha ta biya masu su don a bar jama'a su shiga. A Kansas ana ce masa WIHA, a Montana Block Management, a Mishigan HAP. A Wiskonsin wasu masu daji suna samun rangwamen haraji bisa sharaɗin su buɗe dajin ga mafarauta. Irin waɗannan wuraren sau da yawa ƙanana ne, amma sun fi ƙarancin cinkoso. Ka kuma duba filayen da ke gefen madatsun ruwa da sansanonin soja, su ma sukan ba da izini na dabam.

Manhajojin waya irin su onX Hunt da HuntStand suna nuna iyakar kowane fili da sunan mai shi. Ka sauke taswirar a waya tun kana gida, don sabis yana ɗaukewa a daji. Sai dai layin da ke kan waya yana iya kaucewa da 'yan taku, alamar da ke ƙasa ita ce abin bi. In ka ga an shafa wa bishiyoyi ko turaku fenti ruwan shunayya a Teksas ko Pensilbaniya ko Misuri, ma'anarsa ba a shiga, daidai yake da allon gargaɗi.

Taswira ba ta kashe barewa, sai ka taka da ƙafa. Lokacin da ya fi dacewa da leƙen daji shi ne ƙarshen hunturu, daga Fabrairu zuwa Afrilu, ganye bai fito ba, sawun bara yana nan ɓaro-ɓaro. Abin da kake nema uku ne: inda take kwana, inda take kiwo, da hanyar da ta haɗa su. Makwancinta yana cikin sarƙaƙiya, ko gefen fadama, ko wurin da aka sare katako shekarun baya ya tsiro da duhu. Abincinta a kaka 'ya'yan itacen oak ne, wata babbar bishiyar dajin can, musamman irin da ake kira farin oak, da ragowar masara da waken suya a gonaki. Namiji yana goge ƙahonsa a jikin ƙananan bishiyoyi har ɓawon ya saluɓe, yana kuma tone ƙasa a ƙarƙashin reshe mai lanƙwasowa ya yi fitsari a ciki. In ka sami wurin da rafi da tudu ko shinge suka matse hanya ta zama siririya tsakanin dazuka biyu, ka sa alama. A jihohin arewa barbara tana kankama a Nuwamba, lokacin ne maza ke yawo da rana tsaka.

A filin gwamnati, mutane kake karantawa kafin dabba. Akasarin mafarauta ba sa yin nisa da inda suka ajiye mota. Ka ƙetare rafi, ko ka hau tudun da ke sa haki, ko ka shiga wani ɗan lungu kusa da titi da kowa ke wucewa don ya raina shi. Ka tanadi wuri uku ko huɗu, domin iska ce ke zaɓa maka na ranar. In tana kaɗawa daga gare ka zuwa makwancin, ka ɓata zamanka, hancin barewa ya fi idonta. Wata matsalar da ba a tunawa sai ta faru ita ce jan nama. Namiji babba da aka fasa cikinsa yana iya haura kilo 70, kuma yawancin filayen jiha ba a shiga da abin hawa. Ka tafi da igiya ko keken ja, ko abokin tafiya.

Neman izini wajen manomi kuwa, kada ka je mako guda kafin a buɗe farauta sanye da kayan daji. Ka je da bazara, da rana, da tufafin gida, ba bindiga a hannu. Ka faɗi sunanka da aikinka da inda kake zaune. Manoma da yawa barewa na cinye musu amfani, don haka wanda ya ce zai harbi matan barewa, ko zai yi da kwari da baka kawai, ya fi samun shiga. Za a ƙi ka sau da yawa, wannan ba wulaƙanci ba ne. In an yarda, a rubuta. A Ohayo doka ce ka riƙe rubutaccen izini a aljihu. Ka tambayi inda za ka ajiye mota da inda shanu suke, ka rufe ƙofar shinge yadda ka same ta. Dabbar da ka harba in ta tsallaka gonar maƙwabci, a jihohi da yawa sai ka nemi izininsa kafin ka bi jini.

Kafin ranar fita ka sake duba ƙa'idar yankin da ka zaɓa. Wasu wuraren ba a yarda da kowace irin bindiga ba. Tufa mai launin lemo mai haske wajibi ce a jihohi da yawa a lokacin farauta da bindiga, Pensilbaniya tana neman inci 250 murabba'i a kai da ƙirji da baya, kuma a can ba a harba bindiga cikin yadi 150 daga gidan mutane sai da yardarsu. Haska dabba da fitila da dare don a harbe ta laifi ne, korar barewa da karnuka ma haramun ne a jihohin arewa, sayar da naman kuma an hana. Akwai cutar ƙwaƙwalwa ta bareyi da ake kira CWD, wadda aka fara ganowa a Kolorado a 1967, ta kuma bayyana a Wiskonsin a 2002. Saboda ita jihohi da dama sun hana shigo da gawar dabba da kai da ƙashin baya daga wata jiha. Wanda ke komawa tsohuwar jiharsa farauta sai ya cire ƙashi a can ya taho da tsoka zalla. Musulmi ya yi bisimilla lokacin sakin harbi, in ya tarar da sauran rai a jikinta ya yanka. Daga nan ya cike takardar shaidar dabbar da ya harba kamar yadda jihar ta tsara, ya kai rahoto ta waya ko intanet cikin wa'adin da aka ɗiba.