Mako na biyar: romo ya yi kauri, filasmid ya sulale

'Yan uwa masu koyo, ga inda na kwana a wannan makon.

Har yanzu a ɗakin gwaji ina kan ƙwayar bakteriya E. coli samfurin DH5α da muka cusa wa filasmid pUC19, wato wani ɗan zoben DNA da ƙwayar ke kwafar mana yayin da take hayayyafa. Haɗa romon LB, abincin da ake kiwon ƙwayoyin a ciki, kam ya zauna mini a hannu: giram 10 na tirifton, 5 na tsantsar yis, 10 na gishiri a lita guda, a turara a digiri 121 na ma'aunin Salsiyos na minti 15. Ampisilin, maganin da ke kashe ƙwayoyin da ba su da filasmid, ba a zuba shi sai kwalba ta huce har tafin hannu ya iya riƙe ta, don zafi na lalata shi. Maikirogiram 100 a kowace mililita.

Ranar Juma'a da yamma na tsinci ɗigo ɗaya, wato curin ƙwayoyi, daga farantin da muke shuka su, na tsoma a romo, na sa a injin girgiza a digiri 37. Ƙa'ida awa 12 zuwa 16 ce. Ni kuwa biki ya riƙe ni, sai Lahadi na leƙo. Na tarar da romo ya yi kauri kamar koko, har ina murna. Da na tatso filasmid na gudu da shi a jel, inda kaurin layi ke nuna yawan DNA, sai wani ɗan siririn layi da sai ka ƙura ido.

Malamarmu ta dubi kwalbar ta ce, "Kaurin nan yaudara ce." Ashe ƙwayoyin da ke ɗauke da pUC19 ba jure wa ampisilin kawai suke yi ba, farfasa shi suke yi da sinadarin beta-laktamas, wanda ke tsiyayowa cikin romon. Cikin 'yan awoyi magani ya ƙare. Daga nan duk ƙwayar da ta yar da filasmid ta sauke kaya, sai ta fi saura saurin hayayyafa. Ga halitta da kan ninka kanta cikin kamar minti 20 idan ta samu wuri, kwana biyu ai zamani ne.

Sai a lokacin na gane 'yan ƙananan ɗige-ɗigen da ke kewaye manya a tsohon farantina. 'Yan cin arziki ne marasa filasmid, a inuwar maƙwabcin da ya farfasa maganin suke rayuwa. Kada ku tsinci irinsu.

Na sake shukawa daren Litinin daga sabon faranti, na sauke bayan awa 14, layi ya fito ɓaro-ɓaro. Tsohon romon na turara shi kafin zubarwa. Malama ta ce mako mai zuwa mu gwada kabenisilin, wani magani ɗan uwan ampisilin, ya fi ampisilin daɗewa a romo, sai dai tsada.