Darussan ɗakin jikka shida

Aikina bin kasuwannin jihar Maraɗi ne ina rubuta farashin hatsi, dawa, wake da gyaɗa: nawa tiya yau, nawa buhu, daga ina kayan suka fito, ina suka dosa. Ba aiki ba ne da ake yi a yini guda a koma gida. Kasuwar ƙauye ba ta cika sai bayan azahar, farashin gaskiya kuwa ba ya fitowa sai gab da magariba, lokacin da mai hatsi ya ga rana za ta faɗi bai sayar ba, dillali kuma ya gaji da cika baki. Duk wanda ya tsaya jin wannan farashin, motar komawa ta wuce shi. Ga shi tafiyar dare a yankunan bakin iyaka, wajajen Madarunfa da Gidan Rumji, ba ta mai hankali ba ce tun da 'yan bindiga suka addabi wurin. Saboda haka kwana ya shiga cikin aikin, a Tasawa, Dakoro, Mayahi, wani lokaci a cikin birnin Maraɗi in an kira taro, tunda iyalina ba a birni suke ba. Kuɗin kwanan da ofis ke bayarwa bai wuce na ƙaramin otal ba, mai fanka ɗaya da katifa ɗaya, jikka 5 ko 6 na sefa.

Tambayar da dangi suka fi yi mini ita ce, me zai kai Bahaushe otal a ƙasar Hausa? Kuma suna da gaskiya ta wani ɓangaren. Maraɗi gari ne da fatauci ya gina. Tun zamanin cinikin gyaɗa, kafin farin farkon shekarun 1970 ya karya shi, har zuwa lokacin da alhazan garin suka koma safarar kaya zuwa Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya, falke ba ya neman ɗakin haya. Yana da mai masauki. Shi zai ba shi ɗaki a zaure, ya aiko masa da tuwo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da mai saye, in rigima ta tashi ya tsaya masa. Ladansa kuma yana cikin cinikin, ba cikin kwanan ba. Har yau wannan tsarin bai mutu ba. Je bakin kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a ka ga baƙin da kowannensu ya san gidan da zai ajiye jakarsa.

Amma ga mai irin aikina, wannan alherin da ƙugiya a ciki. Na taɓa sauka gidan wani Alhaji, babban mai sayen wake a garinsu, mutumin kirki ƙwarai. An yanka mini zabo, an shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Da gari ya waye ya ce yaronsa ya raka ni kasuwa kada in sha wahala. Duk rumfar da muka tsaya, in na tambayi kuɗin tiya, sai mai kayan ya fara duban yaron kafin ya dube ni. Alƙaluman da na tara ranar ba na kasuwa ba ne, na Alhaji ne. Ba wanda ya yi mini ƙarya kai tsaye, kowa dai ya san baƙon wa nake. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma rahoton da nake aikawa akwai masu dubansa kafin su yanke shawarar inda za a kai hatsin tallafi. A otal ba wanda nake ci wa tuwo, na biya kuɗina, in shiga kasuwa ni kaɗai da littafina.

Sai dai otal ma yana da nasa suna a wurinmu, kuma ba mai daɗi ba ne. A kunnen mutane da yawa, otal da mashaya da gidan mata masu zaman kansu abu ɗaya ne. Waɗanda suka manyanta suna tune da watan Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, da aka far wa mashaya da irin waɗannan gidaje a cikin Maraɗi. Shi ya sa tun daga ƙofa nake fara karatun gida. In na ga tabarmar salla da butoci a jere a tsakar gida, direbobin manyan motoci da 'yan kasuwa na shan shayi, na san inda na zo. In na ji kiɗa na tashi daga wani lungu da rana tsaka, sai in ce da mai kabu-kabu mu ƙara gaba. Akwai kuma takardar nan da ake cikawa ta 'yan sanda, da ake karɓar katin shaidarka a kwafe suna da lamba da inda ka fito. Abokan tafiyata na jin haushinta, ni kuwa in ba a miƙo mini ita ba sai hankalina ya ƙi kwanciya. Gidan da bai tambayi ko ni wane ne ba, bai tambayi na ɗakin da ke jikin nawa ba.

Da zarar an nuna mini ɗaki, ba fanka nake fara dubawa ba, ruwa ne. Yaron da ke karɓar baƙi zai buɗe maka famfo ya ce ga shi yana zuwa. To, yana zuwa yanzu, ƙarfe 5 na yamma. Abin tambaya shi ne asuba. In ka ga babban bokiti ko duro a cike cikin makewayi, kada ka ɗauka ƙazanta ce ko rashin tsari, alama ce ta masu gidan sun san famfonsu yana ɗaukewa, kuma sun yi shiri. Ɗakin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai sabon tayil da shawa mai ƙyalli, ba bokiti ko ɗaya. A wani gari can arewacin jihar, inda rijiya ke da zurfin gaske, na kwana a irinsa. Da asuba famfo sai huci yake, ko na alwala babu. Na fito da buta a hannu, sai maigadi, wani dattijo mai rawani, ya taso daga benci.

"Malam, ai da ka yi mini magana tun dare. Nan ruwa ba ya kai ƙarfe 12."

"Baba, yaronku ya ce mini yana kwana."

"Shi ai bai taɓa kwana a gidan nan ba. Kawo butar."

Daga cikin randar da ya ajiye wa kansa a bayan ɗakin gadi ya cika mini, sannan ya aika aka kira ɗan garuwa ya zuba mini garwa biyu. Tun daga nan na gane cewa tambayar ruwa, wuta da sauro ba ta mai karɓar kuɗi ba ce, ta mai kwana a gidan ce.

Maganar wuta kuwa, wanda ya yi yawo a wannan jihar a ƙarshen 2023 ya ga jarrabawa. Wutar Maraɗi da Damagaram daga Najeriya take shigowa, ta layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta, ba ta maido ba sai cikin Maris na 2024. A waɗannan watannin ne bambancin gidajen ya fito fili. Masu ɗakuna da na'urar sanyi da babban janareta sun ƙara kuɗin ɗaki saboda tsadar mai, duk da haka ƙarfe 11 ko 12 sai a kashe injin, a bar ka cikin ɗakin da aka gina don na'ura, taga ƙarama ko ma a liƙe. Wani ƙaramin gida kuwa da ba ya da komai sai faifan sola a kan rufi da batir biyu, fankarsa na juyawa a hankali har asuba, kuma akwai inda za ka sa waya caji. A gare ni wayar nan ita ce ofis, da ita nake tura alƙaluma kafin safe. Tun lokacin, in na shiga gida nakan ɗaga kai in dubi rufi kafin in tambayi kuɗi.

Zafi na da nasa lissafin. A Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40 kusan kullum, ɗakin siminti mai rufin kwano wanda bangonsa ke kallon yamma tanderu ne. Ya sha rana tun azahar, cikin dare yake amayar da ita, fanka kuma ba abin da take yi sai juya maka iskar. Ɗora tafin hannunka a bangon da magariba, zai faɗa maka yadda darenka zai kasance. Nemi wanda ke gabas, ko wanda dogon yaro ya yi wa inuwa. In ba a samu ba, babu kunya a fito da katifa tsakar gida, a yayyafa wa ƙasa ruwa a kwanta, yadda kowa ke yi a gidansa. Gidan da ke yarda baƙo ya yi haka ya fi mini wanda ke da talabijin.

Da damina lissafin ya juye. Daga Agusta zuwa Oktoba sauro ne mai gari, lokacin ne asibitoci ke cika da masu zazzaɓin cizon sauro, musamman yara. A Maraɗi kanta, unguwannin da ke gangaren gulbi, inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa a hau tudu, sun fi sanyi sun kuma fi sauro. Sangen otal ba abin dogaro ba ne, ko babu shi, ko yana da huda da kan yaro zai shiga. Nawa na cikin jaka kullum, tare da igiya da ƙusa huɗu, zanin shimfiɗa, tocila da ƙaramin kwaɗo. Ƙusoshin sun fi komai amfani, don ɗakuna da yawa ba inda za ka ɗaura komai.

Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in lura shi ne, mai masaukin nan na zamanin fatake bai ɓace daga otal ba, ya koma kan bencin ƙofa ne. A kusan duk ƙaramin gidan da na ji daɗinsa, akwai mutum ɗaya, yawanci maigadi, wani lokaci dattijuwar da ke shara da wanki, wanda ya ɗauki baƙo a matsayin baƙonsa. Shi zai ce maka kada ka ci naman mai tsiren bakin tasha yau, na jiya ne ya ɗumama. Shi ya san mai furar da ke dama da ruwa mai tsabta, da mai shayin da ke buɗewa kafin salla, da direban da motarsa ke tashi da gaske in ya ce bayan asuba. Shi zai buga maka ƙofa. Sau da yawa ma a bakinsa nake jin abin da ke bayan alƙaluman da na rubuta: cewa manyan motoci sun kwana suna lodin wake zuwa kudu, ko cewa darajar naira ta faɗi shi ya sa masarar Najeriya ta cika kasuwa. Ba na rubuta maganarsa a rahoto sai na tabbatar a wurin masu awo, amma shi ke nuna mini inda zan tambaya. Kuma ya fi Alhaji sauƙi ta fuska ɗaya, ba ya da buhu ko ɗaya a kasuwar. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, don haka in zan tafi nakan ba shi na goro a hannunsa, ba ta hannun manaja ba.

Sai batun rasit, wanda shi ne jarrabawar da ba a faɗa wa sabon ma'aikaci. Ka biya jikka 6, yaron ya jawo littafi, ya riƙe biro a sama, ya dube ka.

"Yallaɓai, nawa za a rubuta?"

Ba da mugunta yake tambaya ba, ya saba ne. Waɗanda suka riga ka sun koya masa cewa ma'aikaci na son a rubuta 10 ko 15, ofis ya biya, a raba ko a ba shi ɗan wani abu. In ka ce ya rubuta abin da ka biya, har mamaki yake yi. Ban da maganar haram da halal, wadda kowa ya sani, akwai wata illa da na gani da idona. Mai gidan yana ganin kwafin rasit ɗin. Ya ga ana rubuta 15 a ɗakinsa na 6, sai ya ce ashe ma'aikatan ƙungiyoyi na iya biya. Shekara na zagayowa ɗakin ya koma jikka 10 ga kowa, har da malamin makarantar da ya zo karɓar albashi da ɗan kasuwar da ke biya daga aljihunsa, ba a ƙara ko bokiti ba. Kuma mutumin da aikinsa rubuta farashin gaskiya ne, in ya fara da ƙaryar farashin ɗakin da ya kwana, ban san yadda zai amince da sauran shafukan littafinsa ba.

Duk wannan da na faɗa, sauƙin namiji ne. Abokan aikinmu mata ba su da shi. Mace ita kaɗai ta shiga ƙaramin otal a garin da kowa ya san kowa, kafin ta ajiye jaka an kai labari kasuwa, kuma gobe dattawan da za ta yi wa tambaya sun riga sun yanke mata hukunci. Wata abokiyar aikinmu, Hajiya ce mai 'ya'ya manya, ba ta kwana otal ko an biya mata. Takan sauka wurin ungozomar asibitin garin ko shugabar ƙungiyar mata, inda ba mai hatsin sayarwa, ta kai musu tsarabar sabulu da sukari. Matsalar ita ce waɗannan gidajen ba su da rasit, mai lissafin kuɗi kuma ba ya biyan abin da ba takarda. An daɗe ana kai ruwa rana a kan haka a taronmu, har aka amince a riƙa ba kowa kuɗin kwanansa dunƙule, ya sauka inda ya ga ya dace da shi.