Abin da na koya a cikin makaɗan gargajiyar Sikotilan

Lokacin da nake karatu a Gilasgo na shiga wata ƙungiyar makaɗan gargajiya da ke haɗuwa a zauren unguwarmu. Akwai masu goge biyu, da mai akodiyan, abin kiɗa da ake matsawa ana buɗewa tsakanin hannu biyu, da wata dattijuwa mai kaɗa clàrsach, abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake jinginawa a kafaɗa, sai malamina mai busa algaitar jaka. Wajensa na zauna.

Ba a damƙa wa sabon shiga jakar nan take. Sarewar koyo ake ba ka, ka yi watanni kana horar da yatsu. Babbar algaitar tana da bututu uku da ke kan kafaɗa suna gunji ba tsayawa, da wani mai ramuka wanda sauti tara kacal yake fitarwa. Mai algaita a wurinmu kumatunsa ne ma'ajiyar iska, su kuwa jaka ce a ƙarƙashin hammata, hannu yana matsa ta. Tunda sautin ba ya yankewa, babu yadda za ka raba sauti biyu iri ɗaya sai ka saka ɗan bugun yatsa mai sauri a tsakaninsu. Waɗannan ƙananan bugun su ne gwanintar gaba ɗaya. Malam yakan rera mini su da baki kafin in taɓa sarewa, kuma da haka suka zauna mini fiye da abin da na karanta a takarda.

Babbar algaitar ta fili ce, a ɗaki tana danne goge. Shi ya sa muke amfani da ƙaramar, wadda zugazugi a ƙarƙashin gwiwar hannu ke hura mata iska.

Darasin da ya fi shiga raina a wajen ceilidh, wato taron rawar gargajiyarsu, na same shi. Masu rawa ba ruwansu da adon yatsunka, su dai kada ka yi gaba ka bar ƙafafunsu. A kiɗan strathspey, inda gajeren sauti ke faɗowa kafin dogo, mai akodiyan muke bi dukanmu, idona a kan ƙafarsa.

Wanda ya samu kansa a Gilasgo a watan Janairu ya nemi bikin kaɗe-kaɗe na Celtic Connections, da aka fara a 1994, ya ji yadda gwanaye ke haɗa kayan nan.