Talata, zafi da rashin wuta da tankin kifina

Yau tun asuba aka ɗauke wuta, filtar tankin kifin nan ta tsaya cak, ga zafi kamar me, ni kam hankalina duk yana kan su. Wajen azahar na ga biyu sun taso sama suna ta buɗe baki, sai na ɗauko kwalbar gwaji na ɗiga maganin, maimakon ruwan ya tsaya rawaya ya soma komawa kore kore. Amoniya ke nan, gubar da kifi ke fitarwa a ruwa, ta fara taruwa.

Mutane suna ɗauka kashin kifi ne kawai ke ɓata ruwa, alhali yawancin amoniyar ta wurin numfashinsu take fita, nan gefen kai, sai kuma ragowar abinci da ke ruɓewa a ƙasa. Kuma in ruwa ya ɗau zafi dafinta ƙaruwa yake. Abin da ke cinye ta yana cikin soson filta ne, wasu ƙwayoyin bakteriya da ido baya gani, masu suna Nitrosomonas su mai da ita naitirait wanda shi ma guba ne don yana hana jinin kifi ɗaukar oksijin, sannan wasu masu suna Nitrospira su mai da shi naitiret, shi wannan da sauƙi sosai, canjin ruwa ke rage shi. Amma fa sai ruwa na gudana yana kai wa bakteriyar iska, filta ta tsaya aiki ya tsaya, kuma kafin su kafu a sabon tanki sai an yi sati 4 zuwa 6.

Ƙanwata ta ga na ciro soson ta ce Yaya kawo in wanke maka a famfo da sabulu, dubi yadda ya yi baƙi. Na ce a'a wallahi, kulorin ɗin ruwan famfo kashe su yake, na ɗan matse shi a ruwan tankin cikin bokiti kawai. Na kwashe kusan kwatan ruwan na zuba wanda na riga na sa wa maganin cire kulorin, abinci kuwa yau babu.

Kainuwar da ke yawo a saman ruwan ita ce ta fi burge ni, saiwoyinta sun zubo dogaye kamar gashi, tana zuƙar amoniya kai tsaye ta gina ganye da ita, ta ma fi son ta a kan naitiret, kuma ba ruwanta da lantarki. Ita kaɗai dai ba za ta riƙe tanki mai kifi da yawa ba.

Wuta ta dawo bayan magariba. Gobe in Allah ya kai mu zan sake gwaji, in leƙa kasuwa ko zan samu famfon iska mai batir.